Tsatsa, Wuta da Ƙafar Mota: Darasi daga Ƙasar Maƙeran Gaya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan wani aiki wanda ake yinsa kullum a bakin tashoshin mota na Gaya da Ajingi, amma ba kasafai ake kawo shi zauren ilmi ba, watau aikin sauya sifirin da shokabzoba na mota, da kuma fama da notunan da tsatsa ta kama. Mai sauraro zai iya cewa wannan magana ce ta bakanike da yaransa, ba ta jami'a ba. Amma idan aka tuna cewa motar da ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibiti, da wadda ke kai manomi kasuwa da buhunansa, duk a kan waɗansu 'yan notuna suke tsaye waɗanda kaurinsu bai wuce na ɗan yatsa ba, za a ga cewa maganar ta shafi ran kowa.

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ƙarfe yana da hali, kuma wanda ya san halinsa shi ne ke cin nasara a kansa, ba wanda ya fi ƙarfin damtse ba. Wannan sani kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Gaya.

2.0 Ƙasar Maƙera

Sunan Gaya ya daɗe da haɗuwa da ƙira a tarihin Hausawa. A cikin labarin Bayajida an ce ya biyo ta Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura. Har ila yau, tarihin baka na Kano ya nuna cewa Abagayawa, waɗanda ake lissafa su cikin mazaunan farko na gindin Dala, maƙera ne da suka taso daga Gaya suna neman tama. Binciken masu haƙa ƙasa ya nuna cewa ana narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya.

Maƙeri ya san abubuwa uku game da ƙarfe tun kafin a rubuta su a littattafan kimiyya. Ya san cewa ƙarfe yana buɗewa idan ya sha wuta, ya kuma tsuke idan ya huce. Ya san cewa ƙarfen da aka gasa aka tsoma a ruwa yakan yi tauri ya riƙe kaifi, amma idan aka sake mai da shi wuta aka bar shi ya huce da kansa, sai taurin ya tafi. Ya kuma san cewa fartanyar da aka bari cikin danshi, tsatsa za ta cinye ta. A kan waɗannan abubuwa uku ne dukkan bayanin da zai biyo baya ya dogara.

Da mota ta zo, sai ta zo da kalmominta, Hausa kuwa ta karɓe su ta yi musu riga irin tata: sifana, noti, jak, giris, sitiyari, birki, sifirin. Wasunsu ma sun zauna daram har sun shiga salon magana, shi ya sa akan ce da wanda hankalinsa ya taɓu notin kansa ya kwance. Amma da aka zo kan sashen da ke tsakanin jikin mota da tayoyinta, sai bakanike ya koma ga tsohuwar kalma, ya kira shi ƙafa.

3.0 Ƙafar Mota da Aikinta

Ƙafar mota tana da manyan ma'aikata biyu. Na farko shi ne sifirin, wanda ke ɗauke da nauyin motar. Iri biyu aka fi sani: akwai mai falle-falle, watau faffaɗan ƙarafa da aka jera ɗaya bisa ɗaya, irin wanda ake gani a bayan a-kori-kura da manyan motoci, akwai kuma naɗaɗɗe, watau sandar ƙarfe da aka murɗa ta yi zagaye-zagaye. Wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya bayyana ƙa'idar sifirin a 1678, cewa gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, gwargwadon lotsawar da zai yi. Amma wannan ƙa'ida tana da iyaka. In aka wuce iyakar, sai sifirin ya kwanta, ba zai ƙara komawa tsawonsa na asali ba.

Ma'aikaci na biyu shi ne shokabzoba, wanda ake gajarta shi da shok. Shi ba ya ɗaukar nauyi. Bututu ne mai ɗauke da mai, a cikinsa akwai fistin mai ƙananan ƙofofi. Idan taya ta faɗa rami, sifirin yakan lotsa ya sake miƙewa, kuma da za a bar shi shi kaɗai, da sai ya yi ta lilo da motar. Shok ne ke tsai da wannan lilo, domin man da ke cikinsa ba ya iya ratsa ƙofofin nan da sauri. Ta haka ne taya ke zama manne da ƙasa. Tayar da ke tsalle kuwa ba ta jin birki, ba ta kuma jin sitiyari. Saboda haka mataccen shok ba rashin jin daɗin zama kaɗai yake jawowa ba, yana ƙara tsawon tazarar da mota za ta ci kafin ta tsaya.

A waɗansu motoci sifirin yana gefe, shok yana gefe. A waɗansu kuwa akan zura shok a tsakiyar naɗaɗɗen sifirin, a haɗa su su zama abu guda, a ɗaure sama da jikin mota, ƙasa da gindin taya. Irin wannan haɗi shi ne abin magana a nan. Wani injiniya Ba'amurke, Earle MacPherson, shi ya tsara wani nau'insa na ƙafar gaba wanda ke ɗauke da sunansa, kamfanin Ford ya sa shi a motocinsa na Ingila a farkon shekarun 1950. Shi ne a gaban Peugeot 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, ta kuma zama sarauniyar hanyoyin Arewa shekara da shekaru. Volkswagen Golf ta uku, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1991, ta kuma cika tashoshin Jihar Kano daga baya a matsayin motar haya, tana da sifirin naɗe da shok gaba da baya.

Wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, ya dubi bayan babur. Waɗannan ƙarafa biyu da ke gefen tayar baya su ne ainihin abin da ake nufi: shok a ciki, sifirin a waje, ga kuma wani zobe mai matakai a gindi wanda ake juyawa don a ƙara wa sifirin tauri. Akwai na mota ma masu irin wannan dabara, inda aka yi wa jikin bututun zare, watau tiredi, aka sa zobe mai hawa da sauka a kansa, don a ɗaga mota ko a sauke ta.

4.0 Hanya da Lodi

A Turai da Amurka, samari masu sha'awar tsere su ne suka fi sayen irin mai zoben nan, burinsu kuwa su sauke mota ta kusa shafar kwalta. A Gaya da Ajingi buƙatar ta sha bamban. Da zarar direba ya sauka daga babban titin da ya taso daga Kano ya ratsa Wudil, ya kama hanyoyin burji da na yashi masu shiga ƙauyuka, abin da yake nema shi ne tudu, kada cikin motarsa ya daki ƙasa. Ga gargada da rani, ga zaizaya da taɓo da damina. Daɗin daɗawa, motar da aka ƙera don mutum 5 da 'yan jakunkunansu ita ce ake cika wa fasinja, a ɗora buhunan hatsi masu kilo 100 a baya, ranar Juma'a ma a haɗa da awaki zuwa kasuwar Wudil.

Don haka ne direbobi kan sa a cusa roba a tsakanin zagayen sifirin, ko a ɗauko sifirin na motar da ta fi girma a sa wa ƙarama. Dabarar tana ɗaga mota, amma tana da farashi. Motar da aka ɗaga ta fi saurin karkata a kan kwana. Sandunan da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba sukan yi aiki a karkace, su mutu da wuri. Abu mafi muhimmanci kuma, sauya sifirin bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya juriya ba. Mota za ta daina nuna alamar an yi mata lodi fiye da kima, alhali kuwa lodin yana nan.

Alamomin da ke nuna ƙafa ta gaji sanannu ne: mai yana tsattsafowa a jikin shok, mota tana ci gaba da lilo bayan an danna kusurwarta an saki, taya tana cinyewa tabo-tabo, ko ana jin ƙwanƙwasa a kan gargada. Idan aka ga haka, sauyi ya zama dole. A nan ne bakanike ke gamuwa da abokin gabarsa.

5.0 Daga Ina Tsatsa Take?

Tsatsa ba ta samuwa sai abu uku sun haɗu: ƙarfe, ruwa, da iskar oksijin. Gishiri kuwa yana hanzarta aikin ƙwarai. To, ƙasar da ke yin wata bakwai ko fiye ba ruwan sama, me ya kawo mata notuna masu tsatsa haka?

Amsa ta farko ita ce, yawancin motocin nan da tsatsarsu suka zo. Sun yi shekaru suna yawo a ƙasashen da ake barbaɗa gishiri a kan titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin kuwa ƙafar mota yake fara wankewa. Daga nan suka hau jirgin ruwa, suka zauna a bakin teku a Kwatano ko Ikko cikin iska mai gishiri. Haka nan kayan gyaran da ake kira 'yan Beljiyam, waɗanda akan je Ƙofar Ruwa a Kano a sayo, daga jikin irin waɗannan motoci aka kwanto su.

Amsa ta biyu tana gida. Taɓon damina yakan maƙale a lungunan ƙafa ya riƙe danshi kwana da kwanaki. Takin zamani da ake ɗauka a bayan mota gishiri ne a wajen ƙarfe, haka ma fitsarin dabbobi. Yashi kuma yana kankare fenti, ya bar ƙarfe tsirara.

Dalilin da ya sa noti mai tsatsa ke ƙin kwancewa shi ne, tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki biyu ko fiye. Tsakanin zaren noti da na sandar da ya hau akwai 'yar ƙaramar tazara wadda ke ba shi damar juyawa. Idan tsatsa ta cika wannan tazara ta kumbura, sai su biyun su zama kamar abu guda. A lokaci guda kuma tsatsar ta rage kaurin sandar, ta cinye kusurwoyin notin. Watau abin ya ƙara kamewa, ya kuma ƙara rauni.

6.0 Kwance Noti Mai Tsatsa

Abin da yaron gareji ya fi saurin yi shi ne ya zura dogon bututu a hannun sifana ya hau kai. Lissafi kaɗan zai nuna haɗarin haka. Noti mai sanda mai kaurin milimita 12 akan ɗaure shi da ƙarfin da bai wuce kwatankwacin kilo 9 zuwa 12 a kan hannu mai tsawon mita 1 ba. Idan mutum mai kilo 70 ya tsaya a ƙarshen bututu mai wannan tsawo, ya ɗora wa sandar fiye da ninki biyar na abin da aka tsara mata. Ko dai kan notin ya murje, ko sandar ta karye a cikin raminta, aikin sa'a guda ya koma na kwana biyu, direba ya rasa lodin kasuwa.

Ƙwararre yakan bi matakai, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Da farko ya kankare taɓo da tsatsar waje da burushin waya, musamman zaren da ya leƙo bayan noti, domin ta nan notin zai bi ya fita. Sa'an nan ya jiƙa wurin da mai marar kauri wanda zai iya kutsawa cikin zare, ko na gwangwani irin su WD-40, ko kananzir. Baƙin mai ya yi kauri, ba ya shiga. Man yana bukatar lokaci, saboda haka wanda ya jiƙa notunansa tun daren jiya ya gama rabin aiki. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse.

Bayan haka sai a ƙwanƙwasa gefen notin da guduma, ba don a lanƙwasa shi ba, sai don girgizar ta farfasa tsatsar ciki. A zaɓi sifana mai rufe noti ta kowane gefe, mai kusurwa 6, wadda ta yi daidai da shi cif, domin mai buɗaɗɗen baki kusurwa biyu kaɗai take kamawa. A fara ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan, sa'an nan a kwance. In ya motsa, kada a yi gaggawa: a juya gaba, a juya baya, a ƙara mai, har ya fita.

In duk wannan bai yi ba, sai a koma ga ilmin maƙeri, watau wuta. Akan gasa notin, ba sandar ba, don ya buɗe ya saki abin da ya kama. Buɗewar ba ta da yawa: noti mai ramin milimita 12, in zafinsa ya ƙaru da digiri 300, abin da zai buɗe kimanin kashi 4 ne cikin 100 na milimita. Amma wannan ya isa ya fasa tsatsa. Da zafinsa ake juya shi, kamar yadda da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Idan wuta ma ta gaza, sai a tsaga notin da cizal ko a yanke shi da zarto. Sandar da ta karye a ciki kuwa, mai walda yakan liƙa mata wani noti a kai, zafin waldar ya taimaka, a juyo ta.

7.0 Inda Ba a Kai Wuta

Wutar da ke kwance noti ita ce kuma ke kashe taurin ƙarfe. Wannan shi ne darasi na biyu na maƙeri, kuma shi aka fi mantawa da shi. Sifirin ƙarfe ne da aka yi wa tauri na musamman. In harshen wuta ya lashe shi, ya tashi daga aiki, ko da ido bai ga wani sauyi ba. Haka nan sandar noti da aka gasa har ta yi ja ba ta sake komawa ƙafar mota, sai a jefa ta cikin tarkacen ƙarafa.

Shi kuwa shok, ba a kai masa wuta ko kaɗan. A rufe yake, da mai a ciki, da yawansu kuma akwai iskar naitirojin da aka matse. In ya yi zafi yana iya fashewa. Tankin mai da bututunsa, da robar da ke kai man birki, duk suna maƙwabtaka da ƙafa, saboda haka sai an kare su da faranti na ƙarfe, an kuma ajiye yashi ko ruwa a kusa.

Akwai wani haɗarin wanda ba na wuta ba ne. Sifirin da ke naɗe da shok a matse yake ko bayan an ciro su daga mota, ƙarfin da ke cikinsa kuwa ya kai nauyin ɗaruruwan kilo. Noti guda ne a sama yake riƙe da shi. Wanda ya kwance wannan noti ba tare da ya fara kama sifirin da maƙamai na musamman masu zare ba, ya saki abin da zai iya fasa masa fuska ko ya karya wa na kusa da shi ƙashi. Ɗaure shi da igiya ko waya, ko sa yara su danne shi da ƙafa, wasa da rai ne. Haka kuma shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan yashi. Sai an tokare ta da matokari na ƙarfe ko kututture mai ƙwari, a kan ƙasa mai tauri.

8.0 Ɗaurawa

Idan tsohon ya fita, ɗaura sabo yana da nasa ƙa'idoji. Ana sauya shok da sifirin bibbiyu ne, hagu da dama, domin sabo a gefe ɗaya da gajiyayye a ɗaya gefen yakan sa mota ta riƙa ja. Ƙarshen sifirin yana da gurbin da aka yi masa a kan farantinsa, dole ya zauna a ciki. In mai zobe ne, a auna tsawon hagu da na dama su zo daidai, a shafa wa zaren giris, a kuma riƙa wanke shi, domin ƙurar hunturu da taɓon damina sukan kama zoben har ya ƙi juyawa.

A dubi kan sandar noti, za a ga lamba: 8.8, ko 10.9, ko 12.9. Wannan lamba ita ce shaidar ƙarfinta. Mai 8.8 tana jure jan kimanin kilo 80 a kan kowace murabba'in milimita kafin ta tsinke, mai 10.9 kuwa kimanin kilo 100. Wadda ba ta da lamba, irin wadda ake sayarwa don ƙofa da gado, ba ta da wuri a ƙafar mota, ko da ta yi daidai da ramin. Duk wadda aka cire, a mai da mai irin lambarta. Araha, ai, ba ta ado.

Notunan da suka ratsa roba ba a ƙarasa ɗaure su sai an sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Bayan an gama, a kai mota a daidaita tsayuwar tayoyinta, abin da ake kira alaimen, sa'an nan a sake bin notunan da sifana bayan 'yan kwanaki ana aiki.

9.0 Kammalawa

An ga cewa ƙafar mota ita ce ke riƙe taya a ƙasa, kuma birki da sitiyari duk da ita suka dogara. An ga cewa tsatsa tana da asali, kuma akwai matakan da ake bi a rabu da ita ba tare da an karya kome ba. An kuma ga cewa wuta magani ce a kan noti, amma guba ce a kan sifirin da shok.

Saura abin da ya rage ga masu ruwa da tsaki. Direba ya wanke ƙarƙashin motarsa bayan damina, ya kuma ba bakanike lokaci, kada ya tsaya a kansa yana cewa fasinja na jira. Maigidan gareji ya mallaki maƙamin sifirin da matokarai, domin kuɗinsu bai kai na jinyar yaro guda ba. Makarantun koyon sana'a da sassan nazarin Hausa kuma su haɗa kai su rubuta wannan ilmi da harshen da yaran gareji ke ji, su tattara kalmomin sana'ar daga bakin masu ita. Jikokin maƙeran Gaya ba su rasa gadon sanin ƙarfe ba. Abin da ake bukata shi ne a haɗa wannan gado da lamba da ma'auni, domin wanda ya hau mota a Ajingi ya sauka lafiya a Kano.